Tsofaffin Kayan Ƙarfe da Ake Tonowa a Ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan: Yadda Ake Gane Su da Ƙiyasta Shekarunsu



Gabatarwa

Duk wanda ya san ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan ya san ƙasa ce da ba ta hutawa da haƙa. Da rani ana haƙar rijiya a fadamun rake, ana ɗibar ƙasar gini a kududdufai, ana yanka harsashin makaranta ko na asibiti. Da damina kuwa garma da zaizayar ruwa su ne ke buɗe cikinta. A cikin wannan aiki ne akan ci karo da tsohuwar tasa, ko munduwa, ko ruwan gatari, ko tukunya cike da tsabar kuɗin da aka daina karɓa. Galibi abin da ke biyo baya ɗayan uku ne: ko a jefar don tsoron kayan aljannu ne, ko a goge shi da toka da lemun tsami har ya yi ƙyalli, ko kuwa a kai wa 'yan gwangwan su ɗora a sikeli. Ta kowace hanya aka bi, an yi asarar shaidar da ba za ta sake samuwa ba.

Wannan lacca za ta duba yadda ake gane irin ƙarfen da aka tono, da yadda aka ƙera shi, da hanyoyin ƙiyasta shekarunsa, sa'an nan da abin da doka ta ɗora wa wanda ya tsinta da ma'aikacin da aka kai wa labari.

Dalilin Kula da Wannan Yanki

Ƙananan hukumomin nan uku suna tsakanin Zariya da Kano ne, watau a bakin hanyar da fatake suka daɗe suna bi, wadda Bature Hugh Clapperton ya bi daga Zariya zuwa Kano a 1826. Garuruwa irin su Likoro da Hunƙuyi da Kudan da Paki da Auchan tsofaffin mazaunai ne. Amma tarihin Zazzau da aka rubuta ya fi ba da ƙarfi ga sarakuna da yaƙe-yaƙe, kamar jihadin da ya kai ga cin birnin Zariya a 1808. Abin da talaka ya ci tuwo a ciki, da abin da matarsa ta sa a hannu ranar aurenta, ba su shiga kundi ba. Ƙasa ce kaɗai ta adana su.

Sana'ar ƙarfe kuma tsohuwa ce ƙwarai a wannan sashe. A Taruga, kusa da Abuja, Bernard Fagg ya tono matoyan tama da suka haura shekara 2,000. A Dutsen Dala na Kano an sami alamun narkar da tama na wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. A yammacin Samaru, gab da Jami'ar Ahmadu Bello, binciken da John Sutton ya yi a shekarun 1970 ya fito da matoya da tarin kashin tama waɗanda su ma suka haura shekara dubu. Ke nan ruwan fartanyar da aka tono a gonar Gimi yana iya zama na jiya, yana kuma iya girmar ganuwar Zariya. Aikin mai bincike shi ne ya rarrabe tsakaninsu.

Mataki na Farko: Wane Irin Ƙarfe Ne?

Hausawa sun kasa maƙera gida biyu, maƙeran baƙi masu aikin baƙin ƙarfe, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla da makamantansu. Wannan rabo shi ne tambayar farko da za a yi wa abin da aka tono, kuma mayen ƙarfe na amsa ta nan take: yana kama baƙin ƙarfe, amma ba ya kama jan ƙarfe ko tagulla ko azurfa ko darma.

Launin tsatsa shi ne shaida ta biyu. Baƙin ƙarfe yana yin tsatsa ja mai ɓarewa, har abin ya kumbura ya fi ainihin girmansa. Jan ƙarfe da tagulla suna yin kore. Azurfa takan yi baƙi. Darma takan yi fari-fari mai toka-toka, ga nauyi, ga laushi har farce na iya yi mata zane. Alminiyo kuwa, wanda ake kira goran ruwa, ba shi da nauyi, kuma ƙasa takan ci shi ta bar ƙananan ramuka da farin gari.

Da wannan kaɗai ana iya yanke wasu hukunce-hukunce. Ba a gano hanyar samar da alminiyo mai araha ba sai a 1886, kuma sana'ar zuba tukwanensa ba ta bazu a Afirka ta Yamma ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, watau bayan 1945. Haka nan ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda mata ke kira silba, a 1913 aka fara haɗa shi a Shafil ta Ingila. Duk abin da aka yi da ɗayan waɗannan biyu, komai dattin da ya yi a ƙasa, da wuya ya wuce ƙarni na 20.

Tagulla ta fi wuyar sha'ani, domin sunan ya haɗa gauraye iri biyu. Akwai jan ƙarfen da aka gauraya da kuza, akwai kuma wanda aka gauraya da tutiya, wanda ya fi ɗaukar ruwan ɗorawa. Ido ba ya iya rarrabe su idan sun yi tsatsa, sai na'urar awo da ke haska ƙarfe ta faɗi kason kowane sinadari ba tare da an yanki abin ba. Amfanin wannan awo shi ne, tsohuwar hanyar haɗa jan ƙarfe da duwatsun tutiya ba ta iya shigar da tutiya fiye da kimanin kashi 30 cikin ɗari. Sai da aka iya tace tutiya zalla aka wuce wannan iyaka, kuma a Turai William Champion na Biristol ne ya yi rajistar hanyar tace ta a 1738, ko da yake mutanen Indiya sun riga shi da ƙarnoni. Saboda haka tasar da tutiyarta ta zarce wannan kaso, mafi rinjayen zato ita ce ta ƙarni na 19 ko bayansa.

Daga Ina Ƙarfen Ya Fito?

Tama tana nan a ƙasar Hausa, kuza ma akwai ta a Riruwai, inda ake narkar da ita ana zuba ta siri-siri kamar tsinke tun kafin zuwan Turawa. Jan ƙarfe kuwa baƙo ne. Ibn Battuta, wanda ya sauka Takadda a ƙasar Azbin a 1353, ya ba da labarin yadda ake zuba shi sanda-sanda ana kaiwa Gobir da Barno. A 1964 wani Bafaranshe, Théodore Monod, ya tarar da kayan wani ayari da aka binne a hamadar Muritaniya, sandunan tagulla fiye da 2,000 tare da wuri, waɗanda aka ƙiyasta na ƙarni na 11 ko na 12 ne. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ga jan ƙarfen da fataken Wadai ke kawowa daga kudancin Darfur, ya kuma ga ruwan takubba na Solinjen da allurai na Nurambag, duka daga ƙasar Jamus.

Abin lura a nan shi ne, kafin zuwan jirgin ƙasa tagulla kayan masu hali ce. Gidan talaka ƙwarya da akushi da tukunyar yumɓu ya sani. In an tono tasar tagulla a tsohon kufai, to ko dai gidan mai sarauta ne ko na attajiri, ko kuwa tasar ba ta kai tsufan da ake zato ba.

Mataki na Biyu: Yaya Aka Yi Shi?

Hanyoyin aiki uku ne, kuma kowace tana barin sawunta.

Ta farko ita ce ƙira, inda ake gasa ƙarfe a wuta a buga shi da masaɓa a kan uwar maƙera. Ana gane ta da sawun bugu da rashin daidaiton kauri. Baƙin ƙarfen da aka toya daga tama a gida kuma yana da ragowar kashin tama a cikin jikinsa, shi ya sa in ya tsufa yakan yi zare-zare kamar itacen da ya ruɓe. Ƙarfen masana'anta na zamani ba ya yin haka. Wannan bambanci yana da amfani wajen ƙiyasi, domin hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, ta ratsa wannan yanki ta Likoro da Gimi, kuma tarkacen ƙarfen da ya biyo ta shi ne ya kashe sana'ar toya tama sannu a hankali. Philip Jaggar ya yi bayanin wannan canji a littafinsa kan maƙeran birnin Kano, wanda aka buga a 1994.

Ta biyu ita ce zubi. A tsohuwar hanya akan siffanta abin da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya fita, sa'an nan a ɗura narkakken ƙarfe a gurbinsa. Tun da sai an fasa yumɓun kafin a fitar da abin, ba a samun guda biyu masu kama ɗaya sak. Zubin da aka yi a mazubi mai ɓari biyu kuwa yakan bar siririn layi a inda ɓangarorin suka haɗu.

Ta uku ita ce aikin inji. Kauri ɗaya ko'ina, da'irori siri-siri a gindin kwano, baki naɗaɗɗe daidai wa daida, da kusa mai zare, duk alamun masana'anta ne. Kwanukan fenti da mata ke jere da su, irin su langa da samira da kwalla, suna cikin wannan aji. In an duba gindinsu akan ga tambarin ƙasar da ta yi su, kuma tambarin kan yi magana: ƙasar Cekosulobakiya, alal misali, an kafa ta a 1918 ta rabu biyu a ƙarshen 1992, don haka kwanon da ke ɗauke da sunanta bai fita tsakanin waɗannan shekaru ba. Daga wajen 1960 kuma aka shiga yin irin waɗannan kwanuka a masana'antun Kano da Ikko.

Sai dai akwai tarko guda. Maƙeri ba ya zubar da ƙarfe. Maƙeran Bida, waɗanda tasoshinsu da butocinsu masu zane suka shiga kasuwannin ƙasar Hausa, sun yi aiki da sandunan tagulla na Turai da kwankon harsashi. Tsohuwar munduwa takan koma sabon zobe. Saboda haka shekarun ƙarfe daban, shekarun abin da aka ƙera da shi daban.

Shaidar Harshe

Sunayen kayan nan ma suna ɗauke da tarihi. Tasa da shantali da fitila da allura da linzami da likkafa da tutiya duk daga Larabci Hausa ta aro su. Azurfa da cokali ta hannun Buzaye suka shigo. Bokiti da kofi da tire da kwabo da sule kuwa daga Ingilishi suke. Wannan yana nuna hanyar da kowane abu ya biyo, ko ta hamada ko ta teku, yana kuma nuna wanda ya riga wani zuwa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 suna da amfani a nan, domin duk sunan da aka samu a cikinsu an tabbata abin ya riga ya shiga gidajen Hausawa kafin shekarar bugawa. Amma tsufan suna ba ya tabbatar da tsufan abin da ke hannu: kalmar tasa ta daɗe, tasar kuwa tana iya zama ta bara.

Mataki na Uku: Ƙiyasta Shekaru

Babbar shaida ita ce wurin da aka sami abin da kuma abin da ke tare da shi. Ƙasa tana taruwa ne hawa-hawa, na ƙasa ya riga na sama, matuƙar ba a taɓa haƙa wurin ba. Katangar tukunya, gawayi, ƙashi, wuri, tsakiya, lofe, duk abokan shaida ne. Lofe, alal misali, yana nuna bayan zuwan taba ne, ita kuwa taba daga Amurka ta fito, ba ta iso Afirka ta Yamma ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16.

Tsabar kuɗi ta fi kowa bayyana shekara, amma tana bukatar hankali. A ɗauka wani manomi a ƙasar Hunƙuyi ya tono tukunya, a ciki akwai mundaye biyu na tagulla, da dalar azurfa mai ɗauke da 1780, da kwabo mai huji na 1920. Mai gaggawa zai ce kayan na 1780 ne. Kuskure ne ta fuska biyu. Da fari, dalar nan mai kan Sarauniya Mariya Taresa ta Ostiriya, tun da sarauniyar ta rasu a 1780 aka ci gaba da buga ta da wannan shekara ba canji, a Biyana da London da Bombai da wasu birane, har cikin ƙarni na 20. Na biyu, ƙa'ida ita ce a dubi mafi ƙuruciyar abin da ke cikin tukunya: ba yadda za a yi a binne ta kafin 1920, tun da kwabon bai wanzu ba. Mundayen kuwa suna iya girmar kwabon da shekara ɗari, domin kayan gado ne. Abin da za a rubuta ke nan: an binne a 1920 ko bayanta.

Yana da kyau ɗalibi ya riƙe wasu shekaru a ka. A 1907 aka fara buga kwabo da anini masu huji, aninan farko ma da alminiyo aka yi su kafin a canja ƙarfen a 1908. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, sulallanta suka fito a 1913. Tsabar Tarayyar Nijeriya tana ɗauke da 1959. Naira da kwabo suka fara aiki ran 1 ga Janairu, 1973.

Inda babu kuɗi sai a koma ɗakin awo. Hanyar awon kabon 14, wadda Willard Libby ya fito da ita a Jami'ar Shikago a 1949, ta dogara ne a kan cewa duk mai rai yana ɗauke da wannan sinadari, in ya mutu kuma sinadarin yana raguwa da rabi duk shekara 5,730. Tagulla ba ta taɓa rai ba, don haka ba ita ake aunawa ba, sai gawayi ko ƙashi ko ƙyallen da aka samu tare da ita. Sakamakon kuma tazara ce ta shekaru, ba shekara guda ba, kuma lokacin mutuwar itacen yake nunawa. Tsohuwar ƙirya da maƙeri ya yi gawayi da ita tana iya girmar wutar da aka hura. Akwai kuma awon da ke nuna lokacin da yumɓu ya shiga wuta na ƙarshe, wanda ke amfani ga katanga da ragowar yumɓun da ya maƙale a cikin kayan zubi.

Darussa Biyu

Wajen 1938, a Igbo-Ukwu ta ƙasar Ibo, wani mutum mai suna Isaiah Anozie yana haƙar ramin tara ruwa a gidansa ya ci karo da kayan tagulla. Ya rarraba wasu ga maƙwabta, wani kwanon ma awaki aka riƙa shayarwa da shi. Da Thurstan Shaw ya yi haƙa bisa ƙa'ida a 1959 zuwa 1960, da kuma 1964, ya sami sauran kayan a kwance inda aka bar su, awo ya nuna na wajen ƙarni na 9 ne, ɗaruruwan shekaru kafin jirgin ruwan Turawa ya iso gaɓar Nijeriya. Da kayan farko kaɗai aka samu, da har yau ana musu a kan shekarunsu.

A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙasar Mani ta Katsina, H. R. Palmer ya buɗe wasu kaburbura a 1907, aka sake haƙa wasu a 1992. A haƙa ta biyu an ɗago kayan da ƙasarsu, daga baya aka kai su Mainz ta Jamus aka buɗe a hankali. An sami mundaye da kayan zinariya da hauren giwa da wuri, da kwanon ƙarfe wanda masana suka danganta da ƙasashen Gabas ta Tsakiya, mafi tsufan kaburburan kuma ya kai wajen ƙarni na 13 ko na 14. Koren tsatsar jan ƙarfe tana hana ƙyalle da fata ruɓewa a inda suka taɓa ta. Mai goge tasa da toka, ashe, yana iya kankare saƙar da ta shekara ɗari bakwai.

Abin da Ya Kamata a Yi

Wanda ya ci karo da irin wannan kaya ya dakatar da haƙa. A ɗauki hoto tun abin yana kwance, a ajiye wani abu sananne kusa da shi don a gane girmansa. A auna zurfin ramin, a rubuta sunan gona da unguwa da ranar. Kada a wanke, kada a kankare, kada a shafa mai, kada a miƙe abin da ya lanƙwashe. In tukunya ce, a bar ƙasar cikinta. In ya zama dole a ɗauke, a ajiye a busasshen wuri, domin laima ce ke tayar da koren garin nan mai cin tagulla har ya huda ta. A kuma tambayi dattawan wurin sunan kufan da waɗanda suka zauna a cikinsa.

Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta maye gurbin dokar 1953 ta kuma kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta sanya kayan aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ta wajabta wa wanda ya tsinci irin wannan abu ya sanar da hukumar da sakataren ƙaramar hukumarsa cikin kwana 7. Ta hana haƙa don neman kayan tarihi ba da izini ba, ta hana sayar da su ga wanda hukuma ba ta amince da shi ba, ta hana fitar da su waje sai da takarda. Gidan Tarihi na Kaduna da Gidan Makama na Kano da sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello duk ba su da nisa da wannan yanki.

Kammalawa

An ga abin da sakaci ya haifar a shekarun 1990, lokacin da masu haƙar sata suka rarake wuraren Nok da na Kwatarkwashi, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya gumakan yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan da ke cikin hatsari a shekarar 2000. Kayan ƙarfe sun fi gumakan nan saurin salwanta, domin su narkewa suke yi. Sakataren ƙaramar hukuma da ya buɗe littafi guda na rubuta abin da aka tsinta, da malamin gona da ya faɗakar da manoma, da ɗalibin da ya koma garinsu hutu da mayen ƙarfe da ma'auni da littafin rubutu, su ne za su tara shaidar da za a rubuta tarihin Likoro da Paki da Gimi da ita. A wannan yanki da sauran abin da ƙasa ba ta fitar ba tukuna.